Tsakuwa a Zaren Gilashi

Babana maginin rijiya ne a Deba.
In ya tsaya bakin wadda bai taɓa gani ba
sai ya saki tsakuwa, ya karkata kunne,
ya ce gaba goma sha biyu ce, ruwan kaɗan ne.
Guga bai taɓa ƙaryata shi ba.

Ni kuwa ga ni a Jekadafari, ƙarfe ɗayan dare,
a ɗakin da ba don ni aka kunna sanyinsa ba,
durƙushe gaban akwatin ƙarfe
ina jefa haske cikin zare.
Zaren gilashi, siriri kamar gashin kai,
ya bi gefen titin Bauchi ta ƙarƙashin ƙasa
ya haura Tumfure,
inda kwamfuta ɗari biyu ke jiran
yaran da za su zauna jarrabawa da safe.

Na'ura ta jefa, ta kasa kunne.
Abin da ya dawo ta zana a allo:
layi mai gangarowa sannu-sannu,
kowane ƙulli da ɗan tuntuɓensa,
sai a mita dubu huɗu da ɗari uku da bakwai
ya rufta.
Daga nan babu amsa.

Lamela ya ce, gafiya ce.
Na ce, yaushe gafiya ta sayi diga?

Muka ɗauki mota muna ƙirga sanduna.
Bayan gidan mai, ga ƙasa sabuwar tono,
ga waya an sare ta kamar rake.
Tagulla mutumin ya zo nema,
ya fasa ya tarar da furfura,
ya yar, ya kama gabansa.
Ban zage shi ba. Na dai so in zage shi.

Sili goma sha biyu, kowanne da launinsa.
Lamela ya riƙe tocila da haƙori,
ni na fere, na goge da auduga da sifirit,
don ƙwayar datti guda
a wurin haske dutsen Bima ce.
Na datse baki, na jera su fuska da fuska,
wuta ta ƙyasta tsakaninsu, suka zama ɗaya.
Na bakwai ya ƙi.
Sauro ya sami wuyana, hannu ya motsa,
na karya na sake. Ya ƙi. Na sake.

Baffa Sambo maigadi ya matso da sandarsa,
ya ce wai da gaske maganar mutane ce a ciki?
To ina take?
Ya kai ido zai leƙa, na kauda kansa.
Hasken nan ba ya ganuwa, Baffa, amma yana cin ido.
Ya ce to, ya koma bencinsa,
ya fi yarda da rediyonsa.

Kiran assalatu ya same mu a Jekadafari.
Na sake jefawa.
Layi ya miƙe, ya wuce gidan mai bai ko waiga ba,
ya kai Tumfure, ya dawo da gaisuwa.
Muka ɗora masa kaya don mu ga gudunsa:
ɗari uku, ɗari bakwai,
ɗari tara da arba'in, ya tsaya cak bai yi haki ba.
Lamela ya rubuta, ya yi barci da biro a hannu.

Ƙarfe takwas wata yarinya za ta danna,
tambaya ta fito kafin ta ɗage yatsa.
Ba za ta san da sili na bakwai ba.

Da hantsi Baba ya kira,
muryarsa ta biyo ta ƙullin da na yi jiya, wataƙila.
Ya ce, har yau ban gane aikin nan naka ba.
Na ce, tsakuwa nake jefawa, Baba, in saurara.
Ya yi shiru.
Ya ce, da ruwa?
Na ce, da ruwa.